Kyamarar da ke bin ƙwallo da kanta: wacce ta dace da filayenmu na Tawa?

Bayan sallar isha'i muna zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai wani yayanmu mai horar da yara ƙwallo ya miƙo mini salularsa. Tallar wata kyamara ce. An kafa ta a bisa doguwar sanda a bakin fili, babu kowa a bayanta, amma hoton yana bin ƙwallo daga wannan raga zuwa waccan sai ka ce hannun gwani ne ke juya ta. Ya ce, "Ƙanena, kai ne ɗan harkar ɗaukar hoto. Iyayen yara sun yi karo-karo, wani ɗanmu da ke Abijan ya ce zai cika sauran. Wacce zan saya?" Na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu, wannan ba cinikin da ake yankewa a bakin buta ba ne."

Na san abin da ya kai shi ga wannan magana, don ina wurin. A wasansu na ƙarshe an ɗora wani yaro bisa katanga da salula. Ya yi ƙoƙari matuƙa har minti na tamanin, sai ƙaninsa ya zura ƙwallo a raga. Yaron ya daka tsalle don murna. Da muka zo duba bidiyon, a daidai wurin da ake nema babu komai sai sararin sama da ƙarar ihu. Wannan kuwa ƙaramar asara ce. Babbar ita ce wadda yayan ya daɗe yana kuka da ita: mai riƙe da salula ƙwallo yake bi, shi kuma mai horarwa so yake ya ga inda ƴan baya suke tsaye sa'ad da ƙwallo take can gaba, don a nan ake gane wanda ya fahimci wasa.

Kafin a yi maganar saye, ya kamata a san cewa abubuwa biyu ne mabambanta ake tallatawa da suna ɗaya. Akwai kyamarar da take juyawa da gaske, inji yana karkata ta hagu da dama. Akwai kuma wadda ba ta motsi ko kaɗan: tana ɗauke faɗin fili gaba ɗaya a hoto guda mai girma, daga baya manhaja ta yanko ƙaramar taga daga cikinsa, tana jan tagar nan zuwa duk inda wasa ya koma. Mai kallo yana ganin kamar kyamara ce ke juyawa, alhali tagar ce ke yawo. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka samo asali. Wadda take juyawa da inji, idan ta kalli gabas aka ci ƙwallo a yamma, shi ke nan, an rasa har abada. Mai taga kuwa, ko manhaja ta yi kuskure, cikakken hoton yana nan a ajiye, sai a koma a ja tagar da hannu zuwa inda ya dace.

A cikin masu taga, wadda ta fi suna ga ƙananan ƙungiyoyi ita ce Veo, ta wani kamfani na birnin Kofanhagen a Danmak da aka kafa a 2015. Idanu biyu gare ta, kowanne 4K (wannan lamba ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoto ce), ɗaya yana kallon rabin fili na hagu, ɗaya na dama, ana ɗinke hotunan su ba da digiri 180. Pixellot ta Isra'ila da Spiideo ta Suwidin da Hudl ta Amurka duk a kan wannan tafarki suke, sai dai yawancin nasu kayan akan kafe su ne dindindin a jikin ginin filin wasa. Ta biyu a masu taga ita ce kyamarar zagaye mai digiri 360, irin Insta360 X4 da ta fito a 2024 mai ɗaukar 8K, ko GoPro Max ta 2019 mai 5.6K. Idanunta biyu suna juya wa juna baya, tana ɗaukar gaba da baya da sama da ƙasa, kai ne kuma za ka zauna da salula ko kwamfuta ka tsara inda taga za ta bi. Sai masu juyawa da inji, irin XbotGo, wanda ake maƙala masa salula yana karkata ta. Uku ke nan, kuma ban cire mutum mai riƙe da kyamara daga lissafi ba.

Bari in fara da lambar nan ta 8K, don ita ce ta fi ruɗin masu saye. Hoton 8K na zagaye ɗigo 7,680 ne a faɗi, amma an shimfiɗa su ne a kan digiri 360, wato kowane digiri ya samu ɗigo 21 da ɗan kai. Idan ka yanko taga mai faɗin digiri 90 za ka samu ɗigo 1,920, daidai da hoton talabijin mai kyau. Amma digiri 90 ya yi faɗi ainun ga wasan ƙwallo, ƴan wasa za su koma kamar tururuwa. Ka matso da ita zuwa digiri 60, ɗigon ya sauko 1,280. A kyamarar zagaye mai 5.7K kuwa wannan taga ɗigo 960 kawai za ta ba ka. Yanzu a duba ƙwallon kanta. Faɗinta kamar santimita 22 ne. Cikakken fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, saboda haka daga bakin layin tsakiya inda ake kafa sanda zuwa tsakiyar raga ya ɗan haura mita 60. A wannan nisa ƙwallo ɗigo huɗu ko biyar ce a kyamarar zagaye mai 8K, ɗigo uku a mai 5.7K. A mai idanu biyu da ta tattara ƙarfinta duka a digiri 180, ta kai ɗigo takwas. Rabin abin da kyamarar zagaye take ɗauka a filin ƙwallo bayan sanda ne: katanga da masu sayar da ruwan sanyi da sama. Ta fuskar tsabtar hoto a babban fili, mai digiri 180 ta yi wa mai 360 fintinƙau, babu gardama.

To me ya hana in ce wa yaya ya saye ta kawai? Abin da ke biyo bayan busa ta ƙarshe.

Irin wannan kyamara ba ita ke yanka taga da kanta ba. Bayan an tashi wasa sai an tura hoton ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin, can ne ƙirƙirarriyar basira take sarrafa shi ta dawo maka da wasan da aka bi ƙwallo. Kuma ba kyauta ba ne, sai da abonma, kuɗin da ake biya wata-wata ko shekara-shekara da kuɗin waje ta katin banki. Ranar da aka daina biya, amfanin kyamarar ya tsaya. Yuro ɗaya sefa 656 ne, saboda haka kowane yuro 100 da ka gani a takardar farashi jikka sittin da biyar ne da ɗari shida, kuma wannan ban da kuɗin jirgi da na duwan. Karo-karon iyaye sau ɗaya ake yin sa da daɗin rai. A dawo musu baɗi a ce su sake, a sake dawowa shekara ta uku, wannan wata magana ce daban, kuma duk wanda ya taɓa tara kuɗin riguna a unguwa ya san haka.

Sai nauyin hoton. A ɗauka wasa ɗaya ya kai gigabait 20. Idan rezo yana tura megabit 5 a daƙiƙa ba tare da yankewa ba, awa tara ake bukata kafin ya gama hawa. A haɗa da ɗaukewar wuta a tsakiyar dare da kuɗin data. Tun 2025 an fara amfani da Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, a Nijar bisa izini, kuma wanda yake da shi ko yake da layin ofis mai ƙarfi wannan matsala ta ragu masa sosai. Makarantar ƙwallo ta unguwa ba ta da ko ɗaya.

Akwai abu na uku wanda ba a faɗa a talla, shi ne ya fi damuna. Manhajar nan aikinta shi ne ta gano ƴan wasa da ƙwallo a kowane hoto. In ƙwallo ta ɓace mata, sai ta duba inda ƴan wasa suka taru da inda suka dosa, ta yi hasashe, sa'an nan ta lallaɓa tagar a hankali don kada hoto ya riƙa fizga. Domin ta yi haka sai ta san iyakar fili, ta san wane ne a ciki, wane ne ɗan kallo. Kamfanonin a Turai da Isra'ila da Amurka suke, filayen masu sayensu kuwa koriyar ciyawa ce da farin layi. Yanzu a zo filinmu. Rairayi ne ja-ja, ƙwallon kanta bayan minti goma ta koma launin ƙasa. Layin da aka zuba da toka da safe ƙafafu sun share shi kafin hutun rabin lokaci. Ƴan kallo suna tsaye a kan layi, in wasa ya yi zafi su shigo taku uku. A bayan raga ƙananan yara suna buga tasu ƙwallon. Ɗan kabu-kabu ya ratsa ta kusurwa. In hunturu ne, ga hazo ga ƙurar da ƙafafun ƴan wasa ashirin da biyu suke tayarwa. Ko a ƙasashen da aka ƙera su don su ana samun kuskure: a watan Oktoba na 2020, a wasan Inverness da Ayr United a Sikotilan, kyamarar Pixellot ta yi ta barin ƙwallo tana bin kan mai tuta a gefen fili, saboda sanƙonsa yana sheƙi a rana. An inganta manhajoji tun daga lokacin, amma darasin yana nan: inji yana bin abin da ya yi kama da abin da aka koya masa. Wanda zai sayi irin wannan don filin rairayi, ya nemi kamfanin ya nuna masa wasan da aka ɗauka a fili irin nasa, ya kuma samu tabbaci a rubuce cewa suna sayarwa da gyarawa ga mai zaune a Nijar. In ba haka ba cinikin biri a sama ne.

Ba ina kushe ta ba ne. Ƙungiyar da ke buga gasar rukuni na ɗaya a Yamai, mai wasa a ciyawar filin Janar Seyni Kountché, mai ofis da intanet da kasafin shekara, ita ce aka yi wa wannan kaya. Mai horarwa ya kwana ya tashi ya tarar da wasa a shirye, ya yanko wuraren da yake so ya tura wa ƴan wasa kafin atisaye, ba tare da ya nemi kowa ba. Da ni ne a matsayinsu, ba zan duba wata ba.

Kyamarar zagaye kuwa komai nata a hannunka yake. Babu abonma na dole, manhajar gyaran hoton kyauta ce, ba ka bukatar intanet don ka kalli abin da ka ɗauka. Amma abin da ba ka biya da kuɗi ba za ka biya da zama. Manhajarta tana iya bin mutum ɗaya idan ka zana masa akwati, kuma tana yin haka da kyau ga mai gudu shi kaɗai. A wasan ƙwallo, da zarar ya shiga cikin masu riga irin tasa sai ta sake shi ta kama wani. Ƙwallo mai ɗigo huɗu kuwa ba a ma maganarta. Saboda haka da hannu ake yi: ka sa alama a nan, ka matsa daƙiƙa biyar ka ja taga ka sake sa alama, manhaja ta cike tsakani. Na yi wa rabin wasa haka da wata ta aro, daga bayan magariba sai da na kai tsakar dare. Ga nauyi: kyamarar da ke rubuta megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa, kuma 8K kan wuce haka. Sai da memori mai sauri da kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwar kwamfutar ofis ba za ta iya ba.

Amma ga abin da na lura da shi a daren nan, wanda ya sauya mini tunani. Mai horarwa ba ya bukatar a bi masa ƙwallo minti casa'in. Da na kafa taga ɗaya mai faɗi, ban motsa ta ba, na nuna wa yaya, sai ya sa yatsa a fuskar kwamfuta ya ce, "Tsaya nan. Ka ga lamba huɗu? Ƙwallo tana can, shi yana nan yana kallo, ya bar rami a bayansa." Ya ja hoton da kansa zuwa hagu ya duba mai tsaron gida, ya dawo. Abin da ya shekara yana faɗa wa yaron da baki ke nan, yau ga shi a fili. Bin ƙwallo na ƴan kallo ne. Su kuma minti uku na ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka ɓarar sun ishe su a WhatsApp, wannan kuwa aikin rabin awa ne. Ƙari a kan haka, filin yara bai kai mita 105 ba, kuma da an rage nisa ɗigon ya ƙaru.

Zafi ma sai an yi masa shiri. Yawancin ƙananan kyamarorin nan iyakar da aka rubuta musu digiri 40 ne a ma'aunin Salsiyas, mu kuwa a Afrilu da Mayu mun saba wuce haka a inuwa. Ta aron nan ta taɓa mutuwa a kaina ana tsakiyar wasa a irin wannan lokaci. Da na sauko da ita jikinta ba ya taɓuwa, sai da na naɗe ta a rawani na kai ta ƙarƙashin bedi kafin ta farfaɗo. Tun daga nan ba na kunna ta sai an kusa busa, ina kashe ta a hutun rabin lokaci, in rana ta yi tsanani in sauko daga 8K zuwa ƙasa. Idanunta kuma a kumbure suke waje guda, rairayi yana karce su cikin sauƙi. A hura ƙura tukuna kafin a goge, kada a taɓa share su da bakin riga. Insta360 X5 da ta fito a 2025 ana iya sauya mata ido idan ya karce, kuma a ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai juya salula da inji ba zan daɗe a kansa ba. Shi ya fi araha, a nan take yake aikinsa ba sai an tura komai ko'ina ba, kuma da yake duk ƙarfin kyamarar salula yana kan wuri ɗaya, hotonsa kan fi na zagaye tsabta. Wanda burinsa ya watsa wasa kai tsaye a Facebook don ƴan'uwa da ke ci-rani su kalla, wannan ne nasa. Sai dai duk ruɗanin filin rairayi da na lissafa yana samunsa shi ma, kuma nasa kuskuren ba ya gyaruwa. Ga salula a rana awa biyu tana ɗaukar bidiyo, ita ma zafi yana kayar da ita.

Da yake a Tawa muke, inda aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a 1975, dole wani ya tambaya ko waɗannan kaya za su yi a fagen kokowa. Masu digiri 180 an koya musu ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da zari-ruga da makamantansu, kokowarmu ba ta cikin lissafinsu. Manhajar bin mutum ma tana rikicewa da zarar ƴan kokowa biyu sun sarƙe sun zama jiki ɗaya. Amma a nan kyamarar zagaye take nuna kanta. Fage ƙarami ne: mutum a nisan mita 15 tsawonsa ya kai ɗigo 140 a 8K, ana ganin kamun hannu da sa ƙafa sarai, kuma ba sai taga ta yi yawo da yawa ba. Rabin hoton da ya zama asara a filin ƙwallo, a nan shi ne rabin armashin: makaɗa, masu kirari, tashin jama'a a daidai lokacin da aka yi kaye. Daga ɗauka ɗaya za ka fitar da kayen, ka sake juyawa ka fitar da fuskar mutanen garin wanda ya yi nasara a daƙiƙar nan. A kula kawai kada layin ɗinki, wato inda hotunan idanu biyu suke haɗuwa, ya faɗa kan fage, don abin da ke kusa yakan tsage a wurin. A fuskantar da ido ɗaya sosai ga ƴan kokowa. Duk da haka, gumin goshi da kallon-kallo kafin a kama, wanda muke gani a Télé Sahel lokacin takobi, aikin mutum ne mai ɗauke da kyamara mai dogon ido a kafaɗa, kuma babu ɗaya cikin ukun nan da ke ba da shi.

Ko wacce aka saya, sanda ce rabin aikin. A ƙasa da mita huɗu ƴan wasan kusa suna tare na nesa, manhaja ta ruɗe, ido ma ya ruɗe. A kafa ta daidai layin tsakiya, a ɗaure ƙafafunta da buhunan rairayi saboda iskar hunturu, a sa babba ɗaya ya tsare ta daga yara. Da yake bayan la'asar muke wasa, a tsaya ta yamma rana tana baya.

Bayan kwana biyun na koma fada na ce masa, "Yaya, ga shawarata. Kuɗin nan sau ɗaya za su zo, to a sayi abin da ba ya neman ci kowace shekara. A ɗauki ta zagaye mai 8K, kada a sauko ƙasa da haka. Abin da ya rage a sa shi a doguwar sanda mai ƙarfi, memori biyu masu sauri, batir na biyu da faifan ajiya." Ya ce, "To yaron nan mai salula fa?" Na ce a bar shi, a sauko da shi daga katanga a kai shi bayan raga, ya riƙa ɗaukar fuskoki da ƙafafu daga kusa, don irin hoton da za a tura wa masu neman ƴan wasa a Yamai ke nan. In ya sake yin tsalle, ta bisa sanda ta riga ta ɗauka.

Ya tambayi wa zai riƙa zaman yanka hoton. Na ce zan yi na wata uku na farko, da sharaɗin ya ba ni biyu daga cikin manyan yaransa su zauna kusa da ni su koya. Ya kira ɗanmu na Abijan a nan take, muna jiran shayi na uku.